Waken da Ban Shuka Ba

'Yan uwa masu bibiyar labarina, ku gyara zama, mai shan shayi ya ajiye kofi kar ya ƙware. Yau ba zancen kalar leshi na zo da shi ba. Zancen wake ne.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce autar gidanmu, ina shekarar ƙarshe a kwalejin aikin gona. Kar wanda ya tambaye ni me ya kai mai dogon farce irina aikin gona. Nan aka ba ni gurbi, ni kuma na karɓa hannu biyu don in huta da wanke-wanken Umma. Ina da mai sona, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa kaf gidanmu Mai Sanyi ake ce masa. Ya daɗe yana son turo manyansa, amma Abba ya ce maganarsa ɗaya ce: ranar da na kawo takardar gama makaranta, ranar zai buɗe musu ƙofar falo. Idan na maimaita shekara, to Mai Sanyi ma ya maimaita.

Umma kuwa ba ta ga abin jira ba. Ƙarƙashin gadonta ya cika da tukwane da kwanukan da take saya mini a ɓoye, har gadon ya fara ɗagawa ta gefe ɗaya. Kullum sai ta ce, “Auta, don Allah ki gama karatun nan mu huta, kin ga kayan nan sun fara yin ƙura.”

To a farkon zangon nan ne Malama Ba-Uzuri ta shigo mana aji da kwali a hannu. Ba sunanta ke nan ba, mu muka raɗa mata, kuma ta sani, har tana amsawa. 'Yar gajeruwa ce, gilashinta a rataye da igiya a wuya, takalmin roba na shiga gona a ƙarƙashin zani. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana miƙa wa kowa ɗan ƙullin takarda da sunansa a jiki. Na buɗe nawa, wake ne fari mai ɗigo-ɗigon ja, bai cika tafin hannu ba.

“Kowa ya je gida ya shuka,” in ji ta. “Kowane mako a auna tsayinsa a ɗauki hoto. Fuskarki da shukar a hoto ɗaya, don na san halinku. Wanda bai kawo ba a ƙarshen zango, mu haɗu a ajin nan baɗi.”

Dariya na yi a raina. Ni da duk aikin gidan da aka taɓa ba ni a duniya sai ranar ƙarshe nake yin sa, kuma in ci? Wake ne zai gagare ni? Har sanarwa na yi a gida muna cin abinci, na ce an mayar da mu manoma, Abba ya ce Allah ya ba da damina mai albarka.

Kuma wallahi na yi niyya. Da farko tukunyar shuka ce ban samu mai kyau ba, ni kuwa ba zan sa fuskata a hoto ɗaya da tsohon gwangwani ba. Da na ga mai kyau a kanti, sai ya zamana ranar na yi sabon jan farce, kun san farce da ƙasa ba sa shiri. Daga nan sai Mai Sanyi ya koyi turo saƙon murya. Mutumin nan idan ya fara da “Ranki ya daɗe, kin tashi lafiya?” sai in nemi hankalina in rasa. Aikina ya koma ɗaya: in yi wanka, in saka kaya, in tsaya gaban madubin ɗakina in ɗauki hoto in tura masa. Madubin yana kallon taga, hasken wurin yana karɓata. Abin da kawai ya dame ni shi ne wata ciyawa da ta hauro ƙarfen tagar tana rage mini haske, har na yi wa Umma ƙorafi a sa a sare ta. Shi kuwa Mai Sanyi cewa ya yi koren yana ƙara mini kyau, sai na bar zancen.

Ranar Alhamis ina kwance ina zaɓen kalar labulen gidan da ba a ma kama ba, saƙon shugabar aji ya shigo zaurenmu na waya: “A tuna, Litinin za a kawo aikin wake.”

Kafin in gama karantawa hotuna sun fara zubowa. Wannan ta rungume shukarta, wancan ya tsaya da rula yana washe baki, wata har da kwanson wake a tafin hannu. Na tashi zaune. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa wannan aikin ba a kwafarsa, ba a haddace shi, kuma ba a yi masa ranar ƙarshe.

Na rubuta wa Mai Sanyi: “Na shiga uku.”

“Subhanallahi, wa ya rasu?”

“Aurenmu.”

Ya kira nan take. Ina shessheƙa na zayyana masa komai. Ina jin ƙarar injin wani firji a bayansa, ya ce, “Yanzu duk kukan nan a kan ganye ne? Ranki ya daɗe, share hawayenki. Ki bar mini.”

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, ya rungumo wata shuka da ta kusa tsayinsa, a farar tukunya, har da jan ƙyalle an ɗaura mata. Ganyenta kowanne ya kai faranti. Yana haki yana murmushin wanda ya ceto al'umma.

“Wannan wake ne?” na ce.

“Mai kantin ya ce babu wake, amma wannan ta fi shi kwarjini.”

Na kai hannu na murza ganyen. Na sake murzawa. 'Yan uwa, roba ce.

“To ai ya fi,” in ji shi, da ya taɓa ya ji. “Ba za ta bushe kafin Litinin ba.”

Na kalli mutumin da nake shirin miƙa wa rayuwata, na rasa kuka zan yi ko dariya. Umma ce ta raba gardama. Ta leƙo, ta yi masa sannu da ɗawainiya, ta ɗauke shukar ta yi ɗakinta da ita, wai za ta yi kyau a falon amarya.

Babu yadda na iya, Juma'a da safe na shirya zuwa ofishin Malama. Na ajiye duk wani mai ƙyalli, na zaro wani tsohon hijabi ruwan toka wanda Umma ke shiga kicin da shi. Ban shafa hoda ba, ko man leɓe ban sa ba, don in fito a marainiya sosai. A cikin mota na tsara ƙaryata tsaf: na shuka, ya yi kyau har maƙwabta na zuwa kallo, sai akuya ta shigo ta cinye.

Na tarar da wata 'yar ajinmu a bakin ƙofa, ita ma da nata hijabin tausayin. Muka kalli juna, kowa ta gane kowa. Ita ta fara shiga, ƙofar ba ta rufu sosai ba, na kasa kunne.

“Malama, wallahi akuya ce...”

“Akuya,” in ji Malama. “Allah sarki. Hotunan ma ta haɗa ta cinye?”

Yarinyar ta fara inda-inda.

“Ke ce ta nawa yau da akuya ta yi wa ɓarna? Unguwarku ɗaya ne duka, ko akuyar ce ke hawa mota? Tashi ki ba ni wuri.”

Yarinyar ta fito tana share ido, ta bar ni tsaye da gawar akuyata a hannu. Na yi saurin laluben wata ƙaryar. Kaza? Ambaliya? Ɓarawon wake? Ban kai ga zaɓa ba na ji an ce, “Mai leƙen nan, shigo.”

Ofishin ƙanƙane ne, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Kwalabe cike da iri sun jeru har saman kabad, fartanya a jingine bayan ƙofa, fanka tana juyi da ƙyar. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa da baki ba, hannu ta miƙo.

“Mu ga hannunki.”

Na miƙa. Ta ɗora gilashi a hanci ta duba farcena ɗaya bayan ɗaya, jajaye, dogaye, ko ƙurar ƙasa babu. Ashe haka take yi. Ba ta fara sauraron baki sai ta ga hannu.

“To, ina jin ki. Ke kuma wace dabba ce?”

Ban san lokacin da bakina ya ci amanata ba. “Malama, ban shuka ba.”

“Bai tsiro ba?”

“Ban shuka ba sam. Kullum ina cewa gobe. Don Allah ki taimake ni, idan na maimaita shekara...” Na haɗiye sauran. Ina zan fara gaya wa matar nan zancen Mai Sanyi da tukwanen ƙarƙashin gado?

Ta jingina da kujera. “Taimakon me kike so? In je in roƙi wake ya yi miki sauri?”

“A'a, Malama.”

“Tun safe nake jiran wanda zai shigo ya ce bai yi ba. Ke kaɗai ce, ko da yake na ga alamar ƙaryar ce ta ƙare a kasuwa kafin ki iso.” Ta cire gilashin. “Ina irina?”

“Na'am?”

“Waken da na ba ki. Sabon iri ne muke yawaita shi, shi ya sa na raba muku, kowa ya dawo mini da abin da ya girba. Tunda ba ki shuka ba, yana nan ke nan. Ki kawo mini shi Litinin. Idan kin kawo, za ki sake aikin daga farko a lambun makaranta lokacin hutu, in riƙe sakamakonki har ki girbe. Idan ba ki kawo ba, kin san sauran. Kuma kar ki wahalar da kanki zuwa kasuwa, babu shi a can.”

Na yi godiya har da su Allah ya ƙara girma, na fito da murna. Sai da na hau mota murnar ta koma ciki, don na tambayi kaina inda na ajiye ƙullin, kaina ya ce shi ma bai sani ba.

Ranar Asabar na kwance ɗakina gaba ɗaya. Na zazzage jakunkuna, na juye akwati, na ɗaga katifa. Na samu cajar da na zargi ƙawata da ɗaukewa, na samu ɗan kunnen da na yi wa kuka bara, ban samu wake ba. Na koma falo ina cusa hannu a lungun kujeru. Abba yana zaune da jaridarsa, tunda ya yi ritaya daga ofis nan ne wurin zamansa.

“Uwata, me ake nema ne haka?” Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Ɗan kunne ne, Abba.”

Ya dube ni ta saman jarida, ya dubi kunnuwana da ke ɗauke da 'yan kunne biyu cif. “To, Allah ya bayyana,” ya ce, ya juya shafi.

Lahadi tun da sassafe idona biyu amma ko waya ban taɓa ba, abin da ban saba ba. Ina kwance ina tsara yadda zan gaya wa Mai Sanyi ya ƙara shekara, sai na ji ƙarar zubar ruwa a bayan tagata. Na sha jin ƙarar nan ina rungume da waya, ban taɓa damuwa da ita ba. Na ja labule.

Abba ne, da jallabiyarsa ta shan iska da buta a hannu, ya sunkuya a kan wani tsohon bokitin fenti. Daga cikin bokitin ciyawar nan tawa ta fito, ta yi yaɗo ta nannaɗe ƙarfen taga har sama. Sai ranar na dube ta da idon ɗalibar aikin gona. Ganye uku-uku. Kwanso a rataye, wasu kore, wasu sun bushe. Ɗaya ya tsage dab da hancina, ga wake fari mai ɗigon ja yana leƙena.

Na san wasunku tun ɗazu kun gane. Allah ya ba ku lada, ni dai sai lokacin.

“Abba...”

Bai ɗago ba. “A kujerar falo na tsince shi, da sunanki a jiki. Na ajiye ina jira ki nema, ba ki nema ba. Ni ban taɓa shuka ko albasa ba, sai da na tambayi maƙwabci yadda ake yi. Na ce bari in sa shi a tagarki, idan ya tsiro za ki gani ki ji kunya ki karɓa.” Ya girgiza butar. “Ya tsiro. Na ce to idan ya kai taga. Ya kai. Na ce idan ya yi fure. Sai na ji kina gaya wa uwarki a sa a sare ciyawar nan.”

Kun san Shaiɗan ba ya hutun Lahadi. Abba yana magana, shi kuma yana raɗa mini: hotuna! Na zaro waya na shiga hotunan da nake tura wa Mai Sanyi. Ga ni cikin doguwar riga shuɗiya, a bayana ɗan tsiro ya leƙo gindin taga. Ga ni da jan gyale, ya kai ƙarfe na biyu. Ga ni na turo baki, shi kuma ya yi fure. Fuskata da shukar a hoto ɗaya, mako bayan mako, ƙarfen taga ya zama rula. Aikin Malama cikakke a hannuna, kwalliya ta yi mini shi ban sani ba. Kuma ni da bakina na je na durƙusa na ce ban shuka ba! Da na ɗaga kai sau ɗaya kafin Juma'a, da yanzu ina cikin masu washe baki. Har na fara gwada wata a raina: Malama, ashe na shuka, mantawa na yi.

“Na ga kina lissafi,” in ji Abba. Yanzu ya ɗago, muna kallon juna ta tsakanin ganye. “Waken naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi. Ni abin da ya dame ni daban. Kowace safiya ina tsaye a nan, ina jin ki kina dariya da waya. Tsakanina da ke labule ne kawai. Ko sau ɗaya ba ki ja shi kin ce Abba ina kwana ba.”

Ya ɗauki butarsa ya zagaya. Bai ce Uwata ba. Tunda nake, Abba bai taɓa gama magana da ni bai ce Uwata ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na zauna a bakin gado cikin tarkacen kayan da na zazzage, na yi kukan da ba na neman tausayin kowa ba, don babu ma mai kallo.

Litinin na tsinke busassun kwanson na ƙulle a leda na kai wa Malama. Ta fasa ɗaya da babban yatsa, ta mirgina waken a tafin hannunta, ta ɗora gilashi.

“Wannan ba wanda na ba ki ba ne. 'Ya'yansa ne. Wa ya shuka?”

Wayata tana cikin jaka, hotunan suna ciki, Shaiɗan yana ta zungurina. Na ce, “Abbana ne, Malama.”

Na ba ta labarin duka, har da madubi. Ta ce in nuna mata hotunan. Tana turawa da yatsa tana kallo, sai na ga kafaɗunta suna rawa. Malama Ba-Uzuri tana dariya! Har da share ido da bakin gyale.

“Kayan sawa dai masha Allah, kin yi ƙoƙari a nan,” ta ce. “Ki gaya wa mahaifinki ruwan ya ɗan yi yawa, amma ya ci, da maki mai kyau. Ke kuma gobe da safe ki same ni a lambu. Sunanki ba zai fito tare da na 'yan ajinku ba sai kin girbe naki. Kuma ki yanke waɗannan.” Ta nuna farcena da kwanson wake.

A gida na durƙusa gaban Abba na isar da saƙo. Ya ɗan yi murmushi jin ya ci jarrabawa, sannan ya maida fuska. Ya ce maganarsa tana nan inda take, takarda tukuna. Umma ta dafe kai ta ce yanzu wake za a jira ya nuna kafin a aurar mata da 'ya, ita wannan wace irin rayuwa ce, ta shige ɗaki wajen tukwanenta.

Saura Mai Sanyi. Mutumin da ya riga ya gaya wa kawunnansa su shirya ƙarshen watan nan, har mahaifiyarsa ta fara sanar da dangi. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, daga ƙarshe na tura masa gaskiya: ban faɗi ba, amma sai na shuka, ya tsiro, ya yi fure, na girbe. Na ga alamar ya karanta. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Har na gama yanke farcena goma ina kallon wayar, babu abin da ya shigo, mutumin da ko atishawa na yi sai ya turo saƙon murya.

Yau da safe ina ɗaura ɗankwalin zuwa lambu, wayar ta yi ƙara a kan gado. Sunansa ne, saƙo mai tsawo, farkonsa kawai nake hangowa: “Na yi magana da su Kawu, sun ce...” Hannuna har ya tafi. Sai na ji ƙarar ruwa a bayan taga.

Na bar wayar a inda take, na ja labule.

“Abba, ina kwana.”

Ya ci gaba da zuba ruwansa kamar bai ji ba, har na fara tunanin ko in sake faɗa. Sannan ya miƙe, ya dafa ƙugu.

“Lafiya lau, Uwata. Zagayo ki karɓi butar nan, an ce ruwan nawa yana yawa.”

Na zagaya. Saƙon yana nan a kan gado, har yanzu ban buɗe ba.